Ƙararrawar Majami'a Da Kwalbar Likita A Cikin Wasannin Ban Tsoro

A cikin wasan nan na bidiyo mai suna Resident Evil 4, wanda kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 2005, akwai wani wuri tun farkon tafiya wanda duk wanda ya buga wasan ba ya mantawa da shi. Wani jami'in tsaro na gwamnatin Amurka, Leon Kennedy, ya shiga wani ƙauye a can lungun ƙasar Sifen yana neman 'yar shugaban ƙasarsu da aka sace. Bai ankara ba sai mutanen ƙauyen suka yi masa ca, maza da mata, wannan da lauje, wancan da gatari, wani ma da zarton inji, kansa rufe da buhu. Ya yi harbi, ya ruga, ya hau bene, ya diro ta taga, harsashi kuwa sai ƙarewa yake yi. Ana cikin haka sai ƙararrawar majami'a ta kaɗa. Nan take kowa ya tsaya cik, makamai suka zube ƙasa, suka juya suka bi juna zuwa inda ƙarar ke kiransu, suka bar baƙo shi kaɗai a dandali yana haki.

Mai karatun da bai saba da irin waɗannan abubuwa ba zai iya cewa ai wasan yara ne. To, ba haka ba ne. Wasannin ban tsoro sana'a ce ta manya, ta kuɗi masu nauyi, domin jerin Resident Evil kaɗai an sayar da kwafinsa fiye da miliyan 150 tun daga 1996. Bambancinsu da fim kuwa shi ne, a fim mutum ɗan kallo ne, yana iya rufe ido har abin tsoron ya wuce. A wasa shi ne zai murɗa ƙofa da hannunsa, in bai shiga ba labari ba zai ci gaba ba. Gaskiya ne a gidajen gem na garuruwanmu ƙwallon ƙafa ta fi cin kasuwa, amma waɗannan ma suna nan cikin na'urorin, har wasunsu sun sauko cikin wayar hannu.

Abin da zai ba mutum mamaki in ya bi su ɗaya bayan ɗaya shi ne yawan kayan addinin Kirista da ke cikinsu: gicciye, bagadi, kyandir, rigunan limamai, ruwan tsarki, waƙoƙin Latin. Da ganin farko sai a ce masu wasannin sun ɗaura yaƙi da Kiristanci ne. Amma in aka daure aka bi labarin har ƙarshe, sau da yawa ba a cikin majami'ar ake gamawa ba. A ƙarƙashinta akwai matakala, a ƙarshen matakalar akwai ɗakin gwaje-gwaje, da gadon fiɗa, da kwalabe jere.

Mu koma ga ƙauyen nan na Sifen. Mutanensa ba aljanu ne suka shige su ba, tsutsa ce. Sunanta Las Plagas, wata halitta da aka tono daga ƙarƙashin wata tsohuwar fada, wadda in ta shiga jikin mutum sai ta manne wa jijiyoyinsa ta ƙwace ragamar hankalinsa. Shugaban ɗariƙar, Osmund Saddler, mai tafiya da doguwar alkyabba da sanda, ya ɗauki masana ilmin halittu aiki suna inganta masa tsutsar, nufinsa kuwa a dasa wa 'yar shugaban ƙasa a mai da ita gida ta kai wa ubanta. Watau wa'azi da baiko da sujadar duk lulluɓi ne. Har ma da aka zo warkar da Leon da yarinyar, ba addu'a aka yi musu ba, kujerar wata na'ura suka hau ta ƙone tsutsar da haske.

Masu wasan ba daga iska suka ɗauko wannan tunani ba. A dazuzzukan ƙasashe masu zafi akwai wani irin naman gwari da ake kira Ophiocordyceps, wanda ke shiga jikin tururuwa ya sa ta bar 'yan uwanta, ta hau tsiro ta ciji ganye ta mutu a maƙale, sa'an nan ya tsiro ta ƙeyarta ya watsa irinsa. A kansa ne aka gina wasan The Last of Us na 2013. Mu ma nan mun san haukan kare, ƙwayar cutar da ke sa dabba mai ladabi ta koma mai cizo, don ta yawun cizon take yaɗuwa. Abin da marubutan suka ƙara shi ne tambaya mai ɗaci: in ƙwaya tana iya sa tururuwa ta hau ganye, me zai hana wani ya ce ita ke sa mutum ya durƙusa?

TASHIN MATATTU BA DA IZINI BA

Sai a shekarar 2021, cikin Resident Evil Village, kamfanin ya fito da maganar fili. A wani ƙauye mai dusar ƙanƙara a Gabashin Turai, jama'a na rataye hoton wata mace da suke kira Uwa Miranda, suna roƙonta kariya kamar yadda ake roƙon waliyyai. Ashe masaniyar ilmin halittu ce. 'Yarta Eva ta rasu a annobar murar nan da ta kashe miliyoyin mutane a duniya tsakanin 1918 da 1919, ita kuwa ta shiga kogo don ta mutu, sai ta tarar da wata ƙatuwar fumfuna mai adana tunanin matattun da ta haɗiye. Daga nan ta shafe shekara ɗari tana gwaji a kan mutanen ƙauyen, tana neman jikin da zai dace ta zuba 'yarta a ciki. Masu yi mata sujada su ne ɓerayen gwajinta. An kuma nuna cewa Oswell Spencer, wanda ya kafa kamfanin magunguna na Umbrella da ya haddasa bala'in farkon jerin wasannin, a wurinta ya yi almajiranci.

A nan ne, a ganina, zuciyar al'amarin take. Ginshiƙin addinin Kirista shi ne imani da cewa Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye ya tashi a rana ta uku, kuma masu bi za su tashi a ranar ƙarshe. Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, amma a kan tashin ƙiyama kowa ya haɗu, an kuma haɗu a kan cewa ikon tayarwa na Allah ne shi kaɗai. To, gawar da ke tafiya a cikin waɗannan wasanni, mai ruɓaɓɓen nama da fararen idanu, ita ce wannan alkawari in ɗan Adam ya ce shi zai cika shi da hannunsa. An tashi, amma ba rai. An tsira daga kabari, amma ba a je ko'ina ba.

Haka kuma batun jini. A Jibin Ubangiji Kiristoci kan ci gurasa su sha ruwan inabi don tunawa da jikin Almasihu da jininsa, 'yan Katolika ma sun yi imani cewa abubuwan biyu kan zama jikin da jinin a haƙiƙa. Wasan Bloodborne, wanda Hidetaka Miyazaki na kamfanin FromSoftware ya jagoranta a 2015, ya ɗauki wannan ya kifar da shi. A birnin Yharnam akwai wata majami'a da ta shahara wajen warkar da kowace cuta ta hanyar ƙarin wani jini na musamman, mutane na tururuwa daga nesa. Jinin yana warkarwa kuwa, sai dai sannu a hankali mai shansa kan rikiɗe ya zama dabba, limaman da suka fi kowa sha su ne suka fi kowa muni. Wa ya kafa majami'ar? Ɗaliban wata makarantar bincike ce, Byrgenwerth, da suka tono jinin a kaburburan ƙarƙashin ƙasa, malaminsu ya gargaɗe su su ji tsoronsa, suka ƙi. Malaman jami'a ne suka sa farar riga suka hau mumbari.

Dead Space na 2008 ya kai labarin sararin samaniya, shekarar 2508, cikin wani ƙaton jirgin haƙar ma'adinai mai suna Ishimura. Mabiya addinin Unitology na bauta wa wani murɗaɗɗen dutse da suke cewa zai haɗe 'yan Adam su zama jiki ɗaya bayan mutuwa, don haka ba su binne gawa, adana ta suke yi. Dutsen ya cika alkawari ta hanyarsa: yana fitar da wani sako da ke haukata rayayyu ya kuma dunƙule naman matattu ya zama dodanni. Abin tausayi, mutumin da suke kira annabinsu, Michael Altman, masanin duwatsu ne da ya yi ƙoƙarin faɗakar da duniya hatsarin abin, aka kashe shi, makasan suka kafa addini da sunansa.

TSOHUWAR RIGIMA

Wannan tsoro ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A watan Janairu na 1803, a birnin Landan, wani Ba'italiye mai suna Giovanni Aldini ya jona wutar lantarki a gawar wani da aka rataye, a gaban jama'a, muƙamuƙin gawar ya yi rawa, ido ɗaya ya buɗe. Shekara 15 bayan haka, a 1818, Mary Shelley ta wallafa Frankenstein, labarin ɗalibin da ya harhaɗa gaɓoɓi ya hura musu rai sa'an nan ya gudu ya bar abin da ya yi. Duk wani likitan banza da ke cikin wasannin yau jikan wannan ɗalibi ne.

A ƙarnin nan na 19 ne kuma wasu marubutan Amurka biyu, John William Draper a 1874 da Andrew Dickson White a 1896, suka yayata ra'ayin cewa tun fil azal kimiyya da Kiristanci yaƙi suke yi. Hujjar da kowa ke kawowa ita ce Galileo, wanda kotun cocin Roma ta hukunta a 1633 saboda ya ce duniya ke zagaya rana, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida. Wannan ya faru, Paparoma John Paul na Biyu ma ya amsa a 1992 cewa an yi masa ba daidai ba. Amma galibin masana tarihin kimiyya na yanzu ba su yarda labarin ke nan duka ba. Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idojin gado a halitta ya buga su a 1866, ɗan zuhudu ne da ke shuka wani irin wake a lambun gidan ibada. Georges Lemaître, wanda a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, Fada ne na Katolika ɗan Beljiyam. Abin lura, wasannin ban tsoro ba su ɗauki tatsuniyar yaƙin ba. Su a wurinsu liman da likita ba abokan gaba ba ne, abokan cin mushe ne.

ME YA KAI JAPAN MAJAMI'A?

Ga wani abin dubawa. Capcom da Konami da FromSoftware duk na Japan ne, ƙasar da Kiristocinta ba su wuce kamar mutum ɗaya cikin ɗari ba. Francis Xavier ya kai addinin can a 1549, aka gicciye Kiristoci 26 a Nagasaki a 1597, aka haramta addinin gaba ɗaya a 1614, har ana tilasta wa mutane taka hoton Almasihu don a gane mai ɓoye imani. Sai a 1873 aka ɗage haramcin. Yau Bajapane da bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba yana iya ɗaura aurensa a wani ɗakin otal da aka ƙawata kamar coci, don kawai abin ya yi masa kyau. Ga mai zane a Osaka ko Tokyo, gicciye da tagar gilashi mai launi baƙin kaya ne masu kwarjini, kamar yadda Bature ke ɗaukar dala da gunkin Fir'auna ya sa a fim ba tare da ya damu da abin da suke nufi ga masu su ba.

Amma akwai wani abu da ya fi ado zurfi. Ran 20 ga Maris 1995, mabiya ƙungiyar Aum Shinrikyo suka saki iskar guba ta sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo, mutum fiye da goma suka mutu, dubbai suka jikkata. Shugabansu Shoko Asahara ya cakuɗa addinin Buddha da na Hindu da Wahayin Yahaya na ƙarshen Littafi Mai Tsarki, har ya yi da'awar shi ne Almasihu. Abin da ya fi girgiza Japan shi ne irin mutanen da ke kewaye da shi: masu digiri daga manyan jami'o'i, masana haɗa sinadarai, har ɗaya daga waɗanda suka huda jakar gubar, Ikuo Hayashi, likitan zuciya ne. An rataye Asahara da mabiyansa 12 a watan Yuli na 2018. Resident Evil na farko ya fito shekara ɗaya bayan harin, Silent Hill kuma bayan shekara huɗu. Mutanen da suka ga wannan da idonsu ba su bukatar kowa ya koya musu cewa mai wa'azi da mai kwalbar sinadari na iya zama a gida ɗaya.

Silent Hill ɗin nan na 1999, na Keiichiro Toyama, shi ya fi nuna haka. Wata mata, Dahlia Gillespie, ta ƙona 'yarta Alessa da rai don ta haifo wa ƙungiyarsu abin bautarsu. Yarinyar ba ta mutu ba. Shekara bakwai aka ɓoye ta a ɗakin ƙasa na asibitin garin, da haɗin bakin shugaban asibitin, Dokta Kaufmann, wanda ke sayar da ƙwayar maye da ƙungiyar ke samarwa. Shi ne kuma ke riƙe da wani jan ruwa a kwalba mai fitar da iskar daga jikin mutum. Ko fitar da aljani ma ya koma aikin kemis.

Kamfanin Nintendo ya daɗe da gane cewa abin da ke ado a Japan na iya zama wuta a Amurka. A shekarun 1980 da farkon 1990 reshensa na Amurka kan goge gicciye daga kaburbura da asibitocin cikin wasanni. Wani littafi da ke cikin The Legend of Zelda, wanda a Japan sunansa Baibul, a Amurka sai ya zama littafin sihiri. Devil World kuwa, na 1984, inda ɗan wasa ke ɗaukar gicciye da Baibul yana yaƙar Shaiɗan, bai shiga kasuwar Amurka ba sai a 2023.

A can Amurkan labarin ya bi ta wata hanya. A Doom na 1993, wani kamfani ne ke gwajin ƙofar da za ta cilla kaya daga wannan wata na duniyar Mars zuwa wancan, sai ƙofar ta buɗe cikin Jahannama. A nan ba a ce shaiɗanu ƙwayar cuta ba ne. Shaiɗanu ne na sosai, kimiyya dai ita ta zare sakata. A sabon Doom na 2016 ma kamfanin janyo makamashi yake yi daga wutar yana sayar wa duniya, wanda duk mai bin labarin kamfanonin mai zai yi murmushi. Masu wa'azi sun yi ta tsine wa wasan, musamman bayan kisan makarantar Columbine a 1999, da aka gano maharan biyu 'yan Doom ne. Ga shi kuwa Sandy Petersen, wanda ya tsara mafi yawan filayen wasan na farko, mabiyin ɗariƙar Mormon ne mai riƙo, an kuma ruwaito cewa bai ga abin damuwa ba tunda shaiɗanun su ne ake harbi.

Outlast, na wani ƙaramin kamfani a Montreal ta Kanada, ya fito a 2013. Ɗan jarida ne ya shiga wani asibitin masu taɓin hankali ba shi da makami sai kyamara. Wani majinyaci da ya naɗa kansa Fada yana wa'azin wani ruhu da ke yawo a ginin, har ya sa aka ƙone shi a kan gicciye dominsa. Ruhun kuwa tarin ƙananan na'urori ne da wani tsohon masanin Jamus na zamanin Hitila ya ƙera wa kamfanin da ke da asibitin. Mutumin ƙagagge ne, amma tushen gaskiya ne: bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta kwashi masanan Jamus fiye da 1,600, hukumar leƙen asirinta ta CIA kuma ta yi shirin MKUltra daga 1953 zuwa 1973 tana gwada ƙwayoyin juya hankali a kan mutanen da ba su sani ba. Kashi na biyu, na 2017, ya koma hamadar Arizona wurin wani mai da'awar annabci da ke yanka jarirai don kada Dujal ya fito cikinsu. Masu wasan sun ce daga Jonestown suka samo shi, inda ran 18 ga Nuwamba 1978 mutum fiye da 900, mabiyan Jim Jones, suka mutu a dajin Guyana, yawancinsu da guba. Sai dai ko a nan, wahayin da mutanen ke gani daga wata hasumiyar kamfani yake fitowa.

INA MAI IMANI NA GARI?

Kirista yana da hujjar ƙorafi, kuma ya kamata a saurare shi. A cikin wasanni goma da wuya ka sami mai ibada guda da ke da hankalinsa. Ko dai macuci ne, ko wanda aka cuta. Ba za ka ga matar da imaninta ya sa ta yi jinyar maƙwabci ba, ko limamin da ya ɓoye masu gudun hijira. Shaiɗan yana nan ko'ina da ƙahoninsa, amma Allah shiru, ceto kuwa daga bakin bindiga yake zuwa. Wannan ya sha bamban da abin da muka saba gani a finafinan Kudu, irin Living in Bondage na 1992, inda mutumin da ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don kuɗi ya haukace, a ƙarshe addu'ar coci ta kuɓutar da shi. Wani dalilin na sana'a ne kawai: wasa yana bukatar abin da yatsa zai danna, an san yadda ake ƙirga harsashi, ba a san yadda ake ƙirga tawakkali ba.

Duk da haka ban yarda cewa zagin addini ne manufarsu ba, domin masanin kimiyya bai fi limamin tsira da mutunci ba. Abin da suke tuhuma shi ne mutumin da ya sami iko a kan jikin wani, marar lafiya ko yaro ko mai makoki, ya ce ya san abin da ya fi masa, ko da allura ya zo ko da ruwan tsarki. Wannan tuhuma kuwa littattafan addini sun riga su yinta, da suka yi ta gargaɗi a kan annabawan ƙarya.

Hukumomin coci ba su cika tanka musu ba. Fitacciyar rigimar da aka yi ita ce ta 2007, sa'ad da Cocin Ingila ya yi fushi da Sony saboda an sa harbe-harbe a cikin babbar majami'ar Manchester a wasan Resistance: Fall of Man, a birnin da ke fama da kisan bindiga. Sony ya nemi gafara, amma bai janye wasan ba. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin nan ya dakatar da fitar da LittleBigPlanet a duk duniya, ya janye fayafayan da aka riga aka rarraba, don an ji ayoyin Alƙur'ani cikin wata waƙar Toumani Diabaté na Mali da aka sa a ciki. Kiristoci da dama sun lura da bambancin. A 2012 kuma Nintendo ya ƙi karɓar The Binding of Isaac, labarin yaron da uwarsa ta ji murya ta ce ta yanka shi, wanda aka gina a kan ƙissar hadayar Annabi Ibrahim kamar yadda Littafi Mai Tsarki ya kawo ta da sunan Ishaku. Edmund McMillen da ya yi wasan ya ce daga ƙuruciyarsa cikin dangi masu tsananin addini ya samo shi. Bayan shekara uku Nintendo ya sauko ya karɓi sabon fitowarsa. Iyaye dai su sani, yawancin wasannin da aka ambata a nan suna ɗauke da alamar 'yan shekara 17 ko 18 zuwa sama, alamar da ba a ganinta in an tura wa yaro wasan daga kwamfutar shago.

Tambayar da wasannin ke juyawa, wato aljani ne ko cuta, ta taɓa cin rai a zahiri. A 1976 wata budurwa Bajamushiya, Anneliese Michel, mai shekara 23, wadda likitoci suka ce tana da farfaɗiya, ta mutu da yunwa da ƙishirwa bayan limamai biyu sun yi mata zaman fitar da aljanu sau 67 cikin wata goma. A 1978 kotu ta sami limaman da iyayenta da laifin kisa ta sakaci. Da fadar Vatican ta sabunta littafinta na fitar da aljanu a 1999, wanda tun 1614 ake aiki da shi, sai ta jaddada cewa kada liman ya fara sai ya tabbatar ba rashin lafiya ba ne, ya kuma nemi shawarar likitoci inda ya kamata. Ba kuwa matsalar Turawa ko ta Kiristoci kaɗai ba ce. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton masu taɓin hankali da aka ɗaure da mari a Nijeriya, a gidajen addu'a na Kirista, da na malaman Musulmi, da na masu maganin gargajiya, har da asibitocin gwamnati.

Wasan da ya fi kusantar wannan tambaya da gaskiya ƙarami ne ƙwarai. Sunansa Faith, wani Ba'amurke da ake kira Airdorf ya fara fitar da shi a 2017, aka kammala kashi uku a 2022, da zane irin na kwamfutocin farkon shekarun 1980, 'yan layuka kawai a kan baƙin allo. Labarin a 1987 yake, lokacin da Amurka ta ruɗe da jita-jitar masu bautar Shaiɗan. Wani matashin Fada, John Ward, ya koma wani gida a cikin daji a jihar Connecticut inda shekara guda da ta wuce aikin fitar da aljani daga wata yarinya, Amy, ya ɓaci, babban limamin da ya raka ya mutu. Ba shi da makami sai gicciye, gicciyen kuwa yana aiki, ba tsutsa ba na'ura a ƙarƙashin ƙasa. Amma takardun da ake tsinta a hanya sun nuna cewa shi kansa Fadan ya kwanta a asibitin masu taɓin hankali bayan abin da ya faru, saboda haka ɗan wasa ba ya sakin jiki da abin da idonsa ke gani.

A ƙarshen kashi na farko sai a ba Fadan bindiga mai harsashi ɗaya tak, a bar shi cikin dajin ya zaɓi abin da zai harba. Ƙarshen labari iri biyar ne, gwargwadon inda harsashin ya tafi. In ya bi sawun yarinyar ya harbe ta, yana ganin ya gama da aljanin ke nan, 'yan sanda ne za su tare shi a hanya, wasan kuma ya rubuta masa sunan mai kisan kai.